BUSHIYA DA BEGUWA: KAMA DA WANE BA TA WANE

Gabatarwa

A farkon daminar bara, wata ranar Laraba bayan sallar isha'i, na ji hayaniyar yara a bayan gidana da ke Unguwar Gano. Da na leƙa sai na tarar sun kewaye bakin wani kango, an haska wani ɗan dunƙulallen abu da tocila, kowa yana riƙe da dutse ko kara. Babbansu, wanda ke aji biyu na babbar sakandare, yana ta gargaɗin ƙannensa da su ja da baya, wai ɗan beguwa ne, yanzun nan zai harbo musu kibiya. Wani kuma ya ba da shawarar a kashe shi tun uwarsa ba ta zo ba. Abin da ke gabansu kuwa bushiya ce cikakkiya, wadda ta fito kiwon ƙwarin da ruwan sama ya tayar, ta ji takun sawu ta dunƙule.

Kuskuren wannan yaro kashi uku ne. Bushiya ba 'yar beguwa ba ce, ko dangin kusa ba su haɗa ba. Beguwar ma ba ta harbi. Sannan wadda aka yi niyyar jifa tana daga cikin masu yi wa unguwa aiki kyauta. Sai dai yaron yana da abokan kuskure da yawa, har da manyan al'ummu masu ilmi. A ƙasashen Sikandinabiya, wato Suwidin da Norwe da Denmak da ke can arewacin Turai, kalma guda tana nufin bushiya a wata ƙasa, a maƙwabciyarta kuma tana nufin beguwa. A wannan darasi za mu fara da sanin dabbobin biyu, mu duba yadda harsuna suka raɗa musu suna, sa'an nan mu ga dabarar da wani mutumin Suwidin ya ɓullo da ita don raba irin wannan gardama.

Bushiya

Bushiyar da muke gani a ƙasar Hausa ƙaramar dabba ce mai shayarwa. Tsawonta bai cika wuce santimita 15 zuwa 25 ba, nauyinta kuma yakan tsaya kusa da rabin kilo. Bayanta da gefunanta lulluɓe suke da gajerun ƙayoyi da ba su wuce santimita 2 ba, amma fuskarta da cikinta gashi ne fari mai laushi. Tana da dogon hanci mai tsini, wanda kullum yake a jiƙe, da shi take neman abinci, domin ganinta ba shi da ƙarfi kamar jinta da sansanarta. Wanda ya sami damar duba ƙafarta ta baya zai ƙirga yatsu huɗu rak, alhali 'yar'uwarta ta Turai biyar take da su. Ana samun irin tamu tun daga Senegal har Sudan da Habasha, ta gangara kudu zuwa Zambiya, a duk inda ake da ciyawa da ƙasa mai tsandauri. Ba ta son kurmi mai duhu ko fadama.

Da dare take fita. Abincinta ƙwari ne: gara, tururuwa, buzuzu, fara, gizo-gizo, tsutsa, tana da dodon koɗi. Idan ta samu, ba ta ƙin ƙwan tsuntsun da ke sheƙa a ƙasa, ko ɗan ƙadangare, ko ɗan kwaɗo. Jikinta yana da juriyar dafin maciji fiye da na sauran dabbobi masu girmanta, ko da yake juriyar tana da iyaka.

Makaminta guda ɗaya ne, shi ne dunƙulewa. A gefen fatar nan mai ƙaya akwai wata tsoka da ta zagaye jikin kamar zariyar wando. Da zarar ta ji tsoro sai ta cusa kai da ƙafafu ciki, ta ja wannan tsoka, fatar ta tsuke kamar bakin jakar da aka ja wa zare, ƙayoyin su miƙe suna gicciye da juna. Kare zai yi ta shawagi ya gaji ya tafi. Ƙayar tana dashe sosai a cikin fata, ba ta cirewa don an taɓa ta. Duk da haka babbar mujiya da dage sukan iya da ita. Wannan dabara da ta tsare ta daga namun daji ita ce kuma ajalinta a kan kwalta, don idan ta hango fitilar mota maimakon ta gudu sai ta dunƙule a tsakiyar titi.

Cikinta kwana 35 ne ko kusa da haka, takan haifi 'ya'ya huɗu ko biyar a mafi yawan lokuta. Ana haifarsu makafi, ƙayoyinsu a ɓoye ƙarƙashin fata don kada su ji wa uwa ciwo, bayan 'yan sa'o'i su ɓullo farare masu taushi. Idan rani ya tsananta ƙwari suka yi wuya, sai ta sami rami ko tarin ganye ta lafe, ta rage aikin jikinta tana cin kitsen da ta tara. Shi ya sa muka fi ganinta da damina. Ta Turai kuwa da hunturu take yin wannan dogon barci, har bugun zuciyarta ya sauko daga wajen 190 a minti ɗaya zuwa wajen 20.

Beguwa

Beguwa wata aba ce daban. Tsawon jikinta yakan kai santimita 60 zuwa 80, nauyinta kuma daga kilo 13 har sama da 25. Wato sai an tara bushiya talatin ko fiye kafin su yi nauyin babbar beguwa guda. Daga ƙeyarta zuwa kafaɗa akwai dogon gashi mai kauri da take miƙarwa kamar tukku, daga tsakiyar baya zuwa gindi kuma dogayen ƙayoyi ne masu zoben baƙi da fari, waɗansu sun haura santimita 30. Su ne Bahaushe ke kira kibiyar beguwa, waɗanda ake gani a shimfiɗar masu sayar da kayan maganin gargajiya.

Ba a samunta a cikin gari. Ta fi son daji mai duwatsu da kogwanni, ko ta haƙa rami mai zurfi da kanta, ko ta gaji wanda dabgi ya bari. Namiji da mace sukan zauna tare tsawon rayuwa, su da 'ya'yansu a rami ɗaya. Cikinta ya haura wata uku, kuma ɗa ɗaya ko biyu take haifa, idonsu a buɗe, ƙayarsu da taushi, ta ƙanƙare bayan 'yan kwanaki. Abincinta tsirrai ne: saiwa, ɓawon itace, 'ya'yan itacen da suka faɗo. In gona na kusa, a nan manomi zai gane kurensa, domin a dare ɗaya takan tone rogo da dankali da gyaɗa, ta karya masara. Takan kuma kwaso ƙasusuwa ta tara a raminta tana gaigaya, don samun sinadarin gina ƙashi da kuma wasa haƙoranta.

Maganar harbi fa? Wannan zance ya daɗe a duniya. Aristotal na Girka ya ambace shi fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Sarkin Faransa Louis na 12, wanda ya yi mulki daga 1498 zuwa 1515, ya ɗauki beguwa ta zama tambarinsa saboda imanin cewa tana illata maƙiyi na kusa da na nesa. Mu ma da muka ce kibiya ai harbin muke nufi. Gaskiyar al'amari ita ce beguwa ba ta da wata tsoka da za ta iya cilla ƙaya. Idan aka tsokane ta sai ta fara da gargaɗi: ta buɗa ƙayoyinta har ta ninka girmanta a ido, ta girgiza waɗansu ƙayoyi masu rami a ciki da ke jelarta su yi ƙara kamar caki, ta buga ƙafa a ƙasa tana gurnani. In maƙiyi bai ji ba, sai ta juya masa baya ta taho da gudu da baya-baya ta soke shi. Ƙayar tata ba ta kama fata sosai ba, saboda haka sai ta cire ta maƙale a jikinsa, wata ta tsiro a gurbinta. Saurin abin ne ke sa mai kallo ya rantse harbi ya gani. Raunin kuwa ba na wasa ba ne, yakan ruɓe ya kashe kare, kai har damisa da zaki. Don wannan jarunta ne Asantawan Gana suka ɗauke ta alamar daularsu. Kotoko suke kiranta, kuma daga nan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Asante Kotoko da ke Kumasi, wadda aka kafa a 1935, ta sami sunanta.

A tambayi haƙora

To, tun da dukkansu suna da ƙaya, me ya hana a ce dangi ɗaya ne? Masanin dabbobi ba ya tsayawa ga riga, sai ya buɗe baki ya duba haƙora, domin su ne ke faɗin abin da dabba take ci da kuma gidan da ta fito.

Bushiya tana da haƙora 36, ƙanana masu tsini, waɗanda suka dace da fasa ɓawon ƙwaro. Irin wannan baki shi ne na jaɓa, kuma lalle jaɓar nan mai wari da ke bin gindin bango tana ƙara ita ce 'yar'uwar bushiya mafi kusa a cikin gidajenmu. Beguwa kuwa haƙora 20 take da su. A gaba akwai manya huɗu, biyu sama biyu ƙasa, masu kaifi kamar bakin gizago, waɗanda ba sa daina tsawo har ta mutu. Ba ta da fiƙa ko ɗaya, sai giɓi mai faɗi, sa'an nan turame na niƙa. Wannan shi ne tsarin bakin ɓera da gafiya da kurege. Ashe beguwa babbar yayar ɓera ce da ta sha rigar ƙaya.

Binciken ƙwayoyin gado da aka zurfafa tun daga ƙarshen shekarun 1990 ya ƙara nisanta su. Ya nuna cewa ɓangaren su ɓera da beguwa ya fi kusa da na zomo da biri, ɓangaren su bushiya da jaɓa kuma ya fi kusa da na jemage da kyanwa da doki.

Ita ƙayar, a jikin kowaccensu, gashi ne da ya yi kauri ya ƙanƙare. Sinadarinta keratin ne, wanda shi ne a farcenmu da gashinmu da kofaton dabba. Dabbobin da ba su haɗa dangi ba sukan dace a kan makami iri ɗaya idan matsala iri ɗaya suke fuskanta. Akwai wata dabba mai ƙaya a Ostareliya, ekidna, wadda ƙwai take sakawa, akwai kuma tenrek a tsibirin Madagaska. Jemage da tsuntsu ma duk suna tashi sama, amma ɗaya nono take shayarwa, ɗaya ƙwai yake ƙyanƙyasa.

Rikicin suna a Sikandinabiya

Bahaushe ya yi sa'a. Dabbobin biyu duk suna ƙasarsa, mafarauci da manomi sun san kowacce, don haka harshen ya ba kowacce suna nata na kanta, wanda bai jingina da na ɗayar ba. A arewacin Turai abin ba haka yake ba. Bushiya tana nan a lambunansu tun kaka da kakanni, amma babu beguwa a dajinsu ko ɗaya. Duk faɗin Turai, a Italiya ne ake samunta a daji. Labarinta suka fara ji daga littattafai da bakin matafiya, suka nemi suna a cikin kalmomin da ke hannunsu.

Kalmomi uku za mu riƙe. Svin na nufin alade a harsunan ƙasashen uku. Pigg na nufin tsini ko ƙaya. Pind, wanda mutanen Norwe ke rubutawa pinn, na nufin tsinke ko ɗan kara. Ga yadda aka harhaɗa su:

A Denmak, bushiya ita ce pindsvin, wato alade mai tsinke. Beguwa kuwa hulepindsvin, domin hule shi ne kogo ko rami. Ma'anar sunan ke nan: bushiyar kogo.

A Norwe, bushiya ita ce piggsvin, alade mai ƙaya, waɗansu kuma su ce pinnsvin. Beguwa sai ta zama hulepiggsvin ko hulepinnsvin.

A Suwidin, bushiya tana da tsohon sunanta, igelkott. Kashin farko, igel, ɗan'uwan Igel ne na Jamusanci, wanda shi ma bushiya yake nufi, kashi na biyu kuma ana danganta shi da ɗan ƙaramin abu dunƙulalle. To, da yake gurbin bushiya a cike yake, sai suka ba beguwa sunan piggsvin.

A nan gizo ke saƙa. Mutanen ƙasashen nan uku suna fahimtar maganar juna ba tare da tafinta ba, kusan kamar yadda Bakano ke jin Basakkwace. Idan mutumin Norwe ya gaya wa maƙwabcinsa na Suwidin cewa jiya ya ga piggsvin tana kiwo a bayan ɗakinsa, shi bushiya mai rabin kilo yake nufi, abin da ba ya tayar da hankalin kowa. Mai sauraro kuwa zai ɗauka wata beguwa ce ta tsere daga gidan namun daji. Kalma ɗaya ce, rubutu ɗaya, amma dabba biyu.

Me ya kawo alade cikin zancen? Dogon hancin bushiya ne, da yadda take tonon ƙasa da shi tana huci da gurnani. Ba su kaɗai suka yi wannan kwatance ba. Hedgehog na Ingilishi na nufin aladen shinge, porcupine kuma daga tsohon Faransanci ya fito da ma'anar alade mai ƙaya, haka ma Stachelschwein, sunan beguwa a Jamusanci. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa wannan kwatance ne kawai na masu harshe. Babu alade a cikin dabbobin nan biyu, kamar yadda raƙumin dawa ba raƙumi ba ne, jakin dawa kuma ba jakin da ya ɓace a daji ba ne. Ɗabi'ar ɗan Adam ce idan ya ga baƙon abu ya ara masa sunan wanda ya sani, ya ƙara masa wata kalma. Larabawan da ma sun yi irin wannan gami: bushiya ita ce ƙunfuz a wurinsu, tsofaffin littattafansu na lugga kuma suka bayyana duldul, wato beguwa, da cewa babban ƙunfuz ne.

Dabarar Linnaeus

Abin sha'awa, daga cikin wannan yanki mai rikicin suna aka sami wanda ya kawo magani. Carl Linnaeus an haife shi a kudancin Suwidin a 1707, ya zama farfesa a Jami'ar Uppsala a 1741, ya rasu a 1778. A zamaninsa masana sukan kira halitta da doguwar jimla ta Latin, kowa da irin tasa, ga kuma sunayen gida barkatai. Shi sai ya tsayar da ƙa'ida: kowace halitta a ba ta suna mai kalma biyu. Ta farko sunan gida ce, wanda 'yan'uwa na kusa ke tarayya a kai, ta biyu kuma ta keɓe nau'in shi kaɗai. Mu wannan ba baƙon abu ba ne. A Tarauni kaɗai Musa nawa ne? Sai an haɗa da sunan mahaifi kafin wasiƙa ta sami mai ita.

Ya yi wa tsirrai wannan aiki a littafinsa Species Plantarum na 1753, dabbobi kuma a bugu na goma na Systema Naturae a 1758. Har gobe daga wannan shekara ta 1758 ake fara lissafin sunayen dabbobi na kimiyya. A cikin wannan bugu ne ya kira bushiyar ƙasarsu Erinaceus europaeus, ya kira beguwa Hystrix cristata. Cristata na nufin mai tukku, kuma ita ce dai beguwar da ke ƙasar Hausa. Bushiyarmu kuwa sai a 1841 wani Bajamushe, Johann Andreas Wagner, ya bayyana ta a rubuce. Sunanta a yau Atelerix albiventris, kalma ta biyu tana nufin mai farin ciki, wato mai farin gashi a ciki, ba mai murna ba.

Shi kansa Linnaeus bai tsira daga ruɗin kama ba. A bugun na 1758 ya raba dabbobin biyu daidai, ya sa beguwa tare da ɓera da kurege, ya sa bushiya tare da jaɓa. Amma a rukunin bushiyar ya cusa alade, a na beguwa kuma ya cusa karkanda. Waɗanda suka biyo bayansa suka gyara. Wannan ma darasi ne: a kimiyya ba a ƙin gyara maganar malami idan hujja ta bayyana, kuma gyaran bai rage masa daraja ba.

Ƙa'idojin rubuta sunan kimiyya uku ne da ya wajaba ɗalibi ya kiyaye, don ana rasa maki a kansu a jarrabawa. Kalma ta farko da babban baƙi take farawa. Ta biyu da ƙaramin baƙi, ko da daga sunan mutum ko gari aka samo ta. Idan da hannu ake rubutu, a ja layi ƙarƙashin kowace kalma daban, a bugun inji kuma a karkata baƙaƙen.

Ina amfanin wannan duka?

Wani zai ce ai suna linzami ne kawai, kowanne aka kira dabba ba ta amsawa. Amma a duba waɗannan misalai.

Manomin da aka tone wa rogo, idan aka gaya masa dabba mai ƙaya ce ta yi ɓarnar, ya bi bushiya yana kashewa, ya yi asara biyu: mai laifi tana nan, mai cinye masa gara da tsutsa kuma ta tafi. Mai fassara littafin kimiyya zuwa Hausa, idan ya sa beguwa a inda ake nufin bushiya, ya koya wa dubban yara cewa beguwa ƙwari take ci. Ma'aikacin lafiya ma yana bukatar ainihin suna. Bushiyarmu ce aka kai Amurka da Japan ake kiwonta a ɗaki kamar kyanwa, kuma a 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gargaɗi masu kiwon da su daina sumbatarta, saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi da takan ɗauka. Don haka duk wanda ya taɓa bushiya ya wanke hannu da sabulu.

Misali mafi kyau daga Denmak ya zo. A 2016 wata masaniya, Sophie Lund Rasmussen, ta roƙi jama'ar ƙasar da su tattaro mata duk mushen pindsvin da suka tsinta. 'Yan sa-kai fiye da 400 suka kawo guda 697. Da aka yanka ƙashin muƙamuƙinsu aka ƙirga layukan da kowane barcin hunturu ke bari, sai aka gano cewa a matsakaici shekara biyu suke yi a duniya, ko da yake an sami namiji ɗaya da ya kai shekara 16, mafi tsufa da kimiyya ta tabbatar. Da yawansu mota ce ta take su. Sunan gida ne ya sa talakawa suka gane abin da ake nema, sunan kimiyya kuma ya sa masanin kowace ƙasa ya gane abin da aka bincika lokacin da aka buga sakamakon a 2023. Irin waɗannan bincike ne suka sa a watan Oktoba na 2024 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta mayar da bushiyar Turai cikin jerin dabbobin da suka kusa shiga haɗari.

Tamu ba ta cikin wannan jeri. Amma dattawan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni za su shaida cewa inda yau ake ganin benaye da kwalta, da gonaki ne da shingen aduruku da cediya. Bushiya tana bukatar ɗan fili mai ciyawa, da tarin ganyen da za ta kwanta, da ƙwarin da ba a fesa wa guba ba. Kullum waɗannan raguwa suke yi. Idan dabba ta yi nisa da ido, sunanta ma yakan yi nisa da baki. Kakan yaron nan na Unguwar Gano ba zai taɓa kiran bushiya ɗan beguwa ba, jikansa kuwa ya san hoton dabbar a littafin Turanci amma ya kasa gane ta a bayan gidansu. Idan muka yi sake, bambancin da harshenmu ya riƙe tsaf, wanda mutanen Sikandinabiya suka sha wahalar samu, zai salwanta a hannunmu.

Aiki ga ɗalibai da malamai

1. Zana jadawali mai gida biyu, ka kwatanta bushiya da beguwa ta fuskar girma, abinci, yawan haƙora, mazauni da hanyar kare kai.

2. Bayyana dalilin da ya sa kalmar piggsvin za ta iya kawo rashin fahimta tsakanin mutumin Norwe da na Suwidin.

3. Kawo sunayen dabbobi ko tsirrai biyar na Hausa da aka gina a kan sunan wata halitta, irin su raƙumin dawa, ka faɗi kamar da ta jawo sunan.

4. Tambayi wani dattijo a unguwarku sunayen namun dajin da ya sani a ƙuruciyarsa, da inda yake ganinsu, ka rubuta. A haɗa na 'yan aji duka a littafi ɗaya, a nemo sunan kimiyya na kowanne.

5. Malamai na iya kai ɗalibai Gidan Namun Daji na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 kuma bai da nisa da Gyaɗi-Gyaɗi, kowane ɗalibi ya rubuto sunan Hausa da na kimiyya na dabbobi goma.

Kammalawa

A daren nan na roƙi yaran suka ajiye duwatsu, aka kashe tocila, muka ja gefe muka yi shiru. Bayan kamar minti biyar sai ga ɗan hanci ya leƙo, ƙafafu suka biyo, ta warware ta nufi cikin ciyawa da ɗan saurinta. Babban yaron ya ce, “Malam, ashe ba ta harbi.” Na ce masa ko wadda yake tsoron ma ba ta yi. Duk wanda ya sake cin karo da bushiya a wannan damina, ya dube ta da kyau, ya gaya wa ƙanensa sunanta na gaskiya, in a kan titi take ya tura ta gefe da kwali, sa'an nan ya bar ta ta ci gaba da aikinta. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani.